Su sun sa tasu a gilashi, tamu tana narkewa a akwati

A wani baje kolin zane-zane a nan Landan an ware ɗaki guda, an rage haskensa, an rataye hotunan ƙashi irin na asibiti, kowanne da fitila a bayansa. Ga haƙarƙari, ga ƙoƙon kai, an yanke su zagaye kamar faifan garmaho. Ashe faifan ne. A Tarayyar Sobiyet, tun daga ƙarshen shekarun 1940 har shigowar 1960, matasa kan kwaso tsofaffin hotunan asibiti, su kankare waƙoƙin da gwamnati ta hana a kansu da injin haɗin hannu, su huda tsakiya, wani lokaci da wutar sigari. Fuska ɗaya ake ɗauka, juyi 78 a minti, sautin duk shuu, allura kuma tana cinye shi nan da nan. An ɗaure mutane a kan haka. Yau kowane faifai yana da takarda a gefe da abin sa wa a kunne, baƙi na bin layi.

Abin ya yi mini ciwo, domin mu ma muna da irin wannan waƙa da masu mulki ke hanawa. Tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950 talaka ke gaya wa mai mulki magana da waƙa. Wadda Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta hana, ranar Alhamis ka same ta a rumfar mai caji a kasuwar Maigatari, ana tura ta a memori. Tamu tana da rai, na yarda. Tasu gawa ce aka yi wa ado.

To amma wa ke ajiyewa? Kaset a akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano, zafin bazara ya manne zaren, damina ta kawo fumfuna. Memori kuwa gogewa ɗaya, shi ke nan. Aikin kwafe kaset zuwa kwamfuta ba wuya: a juya zaren da biro a ga bai kama ba, a goge kan rikoda da auduga, a ja waya daga ramin abin kunne zuwa kwamfuta. Kaset mai minti 60, rabin awa kowace fuska. Kada a cika ƙara, muryar fashewa take yi. A rubuta mawaƙi da gari da shekara, a ajiye kwafi biyu a gida biyu.

Waɗanda suka fi damuna ma da yawansu ba su taɓa shiga kaset ba: waƙoƙin niƙa da na daɓe, inda mata ke yi wa miji da kishiya da mai karɓar haraji habaici. Injin niƙa ya kori dutse, siminti ya kori daɓe. Tsofaffin da suka iya su suna nan a ƙauyukan Ringim da Gumel, jikokinsu kuma kowa da waya a aljihu.