Talaka ya ce wa mai kuɗi a'a, kuma maganarsa ta zauna

Ina zaune a Merida, babban birnin jihar Yukatan a kudu maso gabashin Meziko. Aiki ne ya kawo ni. Kwanakin baya wani abokin aikina ya yi baƙi daga Turai, surukinsa da matar surukin, ya ce in biyo su yawon ganin tsofaffin garuruwan ƙabilar Maya. A nan hanya biyu ce: ko ka shiga babbar bas a kwashe ku da yawa, a sauke, a sake kwasa, ko kuma ka ɗauki ɗan jagora naka na kanka, ya zo da mota har ƙofar gida tun da duku-duku, ya wuni da ku. Ta biyun tsada gare ta sosai. Surukin ne ya biya komai, har da kuɗina, kuma daga agogon hannunsa ka san abin bai taɓa aljihunsa ba.

Ɗan jagoran namu gajere ne kakkaura, ɗan Maya daga wani ƙauye kusa da garin Baladolid, da farar riga da katin shaidar ma'aikatar yawon buɗe ido rataye a wuya. Yana jin Sifaniyanci da Ingilishi, in kuma ya haɗu da masu gadi sai su juye zuwa harshen Maya, wanda har yau mutane dubu ɗari bakwai da wani abu suke magana da shi a wannan yanki.

Da rana ta take ya kai mu wata senote. Sai na yi bayani, don ba mu da irinta. Ƙasar arewacin Yukatan dutsen farar ƙasa ce mai ƙofofi, ruwan sama ba ya tsayawa a kai, zurarewa yake yi. Za ka yi tafiyar awanni a mota ba ka tsallaka gadar kogi ko ɗaya ba. Kogunan duk suna ƙarƙashin ƙasa, suna bi ta cikin kogon dutse. Inda rufin kogo ya rufta sai ruwan ya bayyana, wannan ramin shi ne senote, kuma akwai dubbansu. Wadda muka je, matakala ake bi a sauka can ƙasa. Saiwoyin bishiyoyi sun zubo daga bakin ramin har suna taɓa ruwa, hasken rana ya ratso ta sama ya tsaya a tsakiya, ruwan garai-garai kana hango ƙananan baƙaƙen kifaye suna kewaye ƙafafun mutane. Ga sanyi, alhali a waje zafi ne irin na Afrilun Sakkwato da gumi a kai.

A bakin matakalar akwai famfon wanka. Doka ce kowa ya watsa ruwa kafin ya sauka, kuma ba a shiga da man da Turawa suke shafawa don kada rana ta ƙona musu fata. Surukin ya shafe jikinsa da shi fari fat. Ya ce shi ba zai wanke ba, fatarsa ba ta son rana. Ɗan jagora ya ce, cikin ladabi, "Yallaɓai, a ƙasa babu rana. Ka wanke, in mun fito ka sake shafawa." Mutumin ya ɗaga murya, ya ce shi ya biya kuɗin wannan tafiya gaba ɗayanta, kuma don kada a dame shi da irin wannan ne ma ya ƙi shiga bas. Da ya ga ba ta ci ba sai ya zaro takardar kuɗi ya naɗe ya miƙa. Ɗan jagoran bai ko kalli hannun ba. Ya ce, "Ruwan nan ba a nan ya tsaya ba. Shi ne yake fitowa a rijiyar ƙauyenmu, shi 'yata take sha." Ya tsaya a bakin matakalar, mai gadin wurin ya matso ya tsaya kusa da shi. Babu zagi, babu hayaniya. Bayan ɗan lokaci mutumin ya je ya yi wanka.

Na daɗe ban ga abin da ya tsaya mini a rai kamar wannan ba. Mutumin nan ladan wuninsa da ɗan abin da ake ba shi na goro duk suna hannun wanda ya hana. Kun san yadda za ta kaya a wajenmu. "Ka san ko ni wane ne?" Daga nan sai waya, daga waya sai a ba mai gadi haƙuri a ce ya bari, in ma ba a sallame shi ba.

Da safen ranar mun riga mun je Cicen Itsa, wani tsohon birnin Maya, mun isa ana buɗe ƙofa, kafin bas-bas su iso daga Kankun, birnin 'yan yawon buɗe ido da ke bakin teku, wanda shi ne babban amfanin ɗaukar ɗan jagora naka. Babbar dalar da ke tsakiya, ta abin bautarsu Kukulkan, tsayinta ya kai mita 30. Fuska huɗu gare ta, kowace da matakala 91, in ka haɗa da dandamalin sama sun zama 365, kwanakin shekara. Ya tsayar da mu a gaban matakalar ya tafa hannu, sai amsa-kuwwa ta dawo da wani sauti kamar kukan tsuntsu, ya ce kukan ketsal ne, tsuntsun da Maya suke girmamawa. Ya nuna mana gefen da inuwa take saukowa kamar maciji a watan Maris da Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita. Ya kai mu filin ƙwallonsu mai tsayin mita 168, da zoben dutse can sama a jikin bango. Ya kai mu babbar senote da suke jefa hadaya don abin bautarsu na ruwan sama, ya ba mu labarin Ba'amurken nan Edward Thompson da ya sayi gonar da garin yake ciki, ya yashe ramin daga 1904, ya tura zinariya da duwatsu masu daraja zuwa jami'ar Harvard. Ya faɗi yadda wani limamin Kirista daga Sifen, Diego de Landa, ya tara littattafan Maya ya ƙona a garin Mani a 1562, har ya zama guda huɗu kacal suka rage a duniya. Bai karanta daga takarda ba, kuma da na yi masa tambayar da bai san amsarta ba ya ce bai sani ba.

Na san akwai wanda zai ce me ya kai musulmi gidan gumaka. Ba bauta na je yi ba. Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, kuma gani ya kori ji.

Dalar nan an kewaye ta da igiya siririya, wadda yaro ma zai tsallake. An hana hawa tun shekaru da dama. A 2022 wata mata ta tsallake ta hau, da ta sauko jama'ar da ke wurin suka yi mata ihu suna watsa mata ruwa, jami'ai suka tafi da ita. Hukumar da ke kula da wuraren tarihi a ƙasar, INAH, tun 1939 aka kafa ta. Haka abin yake a teku. A gabar gabas akwai jerin duwatsun murjani da ya miƙe kusan kilomita 1,000 daga Yukatan har Honduras, na biyu a girma a duniya bayan na Ostireliya. A Puerto Morelos, inda aka mayar da wurin gandun ƙasa a 1998, ba ka shiga sai da ɗan jagora da rigar da ke hana nitsewa. Rigar ba don ranka kaɗai ba ce, tana hana ka nutsa ka taka murjani, domin murjani halitta ce mai rai, taku ɗaya yana kashe abin da ya yi shekaru yana tsiro. Kana kwance a saman ruwa da tabarau da bututun numfashi, kifaye shuɗɗa da rawaya suna wucewa ta ƙarƙashinka, in ka miƙa hannu sai ka ji an taɓa maka kafaɗa an girgiza maka kai.

To mu fa? A daidai zamanin da Cicen Itsa take dusashewa ne Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano. Ba mu zo a baya ba. Amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Wanda ya bi gefen badala yau ya san abin da ya rage: an yanka filaye, an ɗebi ƙasa an yi bulo, inda ya tsira kuma ya zama juji. Dutsen Dala gidaje sun hau shi. Muna da hukumar kula da kayan tarihi, muna da doka a rubuce. Abin da ba mu da shi shi ne ƙaramin ma'aikacin da zai tsaya ya ce a'a, ya san in ya waiwaya akwai wanda ke tsaye a bayansa. Masu cewa talauci ne ya jawo, ban yarda ba. Ƙauyen ɗan jagoran nan, da muka ratsa ta kusa da shi, gidajen kara da jinka ne. Kuma ba talaka ne yake gina shaguna masu hawa a jikin ganuwa ba.

Ba na cewa nan aljanna ce. Gwamnatin da take korar mai shafa mai ita ce ta gina layin dogo na Tren Maya, wanda aka buɗe a ƙarshen 2023, aka kafa ginshiƙan ƙarfe da siminti ta cikin kogunan da ruwan nan yake gudu, masu kishin muhalli suka yi ta kuka ba a saurare su ba. Ciyawar teku da ake kira sargaso tana cika bakin ruwa tana wari. Manyan otal-otal ɗin Kankun da yawa na kamfanonin waje ne, jikokin waɗanda suka gina dalar su ne masu share ɗaki, wasu kuma suna jere a cikin Cicen Itsa da tebura suna busa usur mai kukan damisa don a sayi tsarabarsu. Kuma akwai abin da zan faɗa ko da za a ce son gida ne. Garinsu kufai ne, namu yana raye. Ɗan jagoran ya yi ta yabon wani shuɗin fenti na Maya da ba ya kodewa, wanda aka haɗa da baban rini da wata irin laka. Na ce masa babanmu ke nan, kuma a Ƙofar Mata har gobe akwai masu zama a bakin karofi suna rini da baba da toka da katsi, a ramukan da aka ce tun 1498 suke. Gidan Rumfa da mutane a ciki. Ba a sayen tikiti a shiga Kurmi. Ya yi mamaki, na ji daɗi ƙwarai. Sai ya ce in nuna masa hoton ganuwar. Na buɗe waya na yi ta wucewa, ina neman wanda babu leda a ciki.

Saboda haka hukuncina bai sauya ba. Sun fi mu a wannan, nesa ba kusa ba, kuma kasancewar namu yana raye shi ya ƙara sa abin ya yi ciwo, don mai rai ake kashewa.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne kududdufin bayan gidanmu. Daga cikinsa kakanninmu suka haƙi ƙasar da aka gina unguwar, kuma shi yake shanye ruwan damina. Kududdufan cikin birni nawa aka cike aka yi gini a kai, kowa ya sani, kuma kowa ya san inda ruwan yake komawa a watan Agusta. Wani ɓangare na namu ya faɗo cikin gadonmu, ba a raba ba tukuna. Yayana yana so a cike a yi shaguna, wani mai kuɗi ya riga ya yi tayi. Da na kira shi na ba shi labarin senote da ɗan jagora, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai da kake ƙasar Turawa kana wanka a kogo, ka san nawa ake sayar da buhun shinkafa? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Na ce, "Yaya, ban bar gida ba, nema na fito, kuma duk wata kana ganin saƙona."

Ya ce saƙo daban, zama daban. Shi ne yake kai Hajiya asibiti, shi yake jin warin kududdufin da cizon sauronsa, shi maƙwabta suke kawo wa ƙara in yaro ya faɗa. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ban yarda cewa nisa ya cire mini baki a maganar gidan ubana ba. Mu da muke waje ana karɓar kuɗinmu da hannu biyu, in muka kawo shawara sai a ce mun zama Turawa, mun manta yadda ake rayuwa. Ni a ɗakin da ke kallon ruwan nan aka haife ni, a bakinsa na yi wasan langa, kuma na san shekarar da aka cike na unguwar da ke maƙwabtaka da mu ruwa ya shiga har ɗakin Hajiya. In sauro ne matsalar, a yashe, a kewaye, a hana zuba shara, zan ɗauki nauyin rabin kuɗin, na faɗa masa haka. Ya ce zai yi shawara da Kawu. Takardar sayarwar tana buƙatar sa hannun magada duka, kuma na gaya wa Kawu da bakina cewa nawa ba zai hau ba.