Allurar ciwon gaɓɓai a lokacin annobar korona: wa ke yin ta, kuma a ina?

Duk wanda ke da dattijuwa mai ciwon gwiwa a Kano ya san allurar nan da ake yi, washegari ta miƙe ta yi sallah a tsaye. Sitiroyid ce, irin su Kenacort ko deksa. Tana kashe kumburi ne ta hanyar rage kuzarin garkuwar jiki, kuma ba a gwiwa kaɗai take tsayawa ba, wani kaso yakan shiga jini. Mai daɗewa irin Kenacort takan yi makonni tana aiki. A lokacin da cuta ke yawo gari, makonnin nan ba abin wasa ba ne.

Shi ya sa a 2020 ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Birtaniya suka ce kada a yi ta sai da larura, a yi mafi ƙarancin awo, kuma kada a yi wa mai alamun cutar korona. Ba su haramta ta ba, ni ma ban ga dalilin haramci ba. Wanda ciwo ya hana shi barci, likita a Asibitin Ƙashi na Dala ya duba shi, ya auna suga da hawan jini, ya sa allurar cikin gaɓar da tsafta, amfaninta kan rinjayi haɗarinta.

Damuwata tana kemis ɗin lungu. Mutum ya zo ya ce jikinsa duk ciwo, a ce masa sanyin ƙashi ne, a zira masa a ɗuwawu. To ciwon jiki ai yana cikin alamun korona na farko. Allurar ta danne zazzaɓin, ya koma kasuwar Kwari yana gaisawa da jama'a, cuta na cinsa a ɓoye. Idan mai ciwon suga ne, sugan ya hau na kwanaki, alhali masu suga da tsofaffi ne korona ta fi kayarwa. Kanawa ba su manta yadda dattawa suka yi ta rasuwa a Afrilun 2020 ba.

Wani zai ce ai deksa ce ta ceci masu korona. Gaskiya ne, binciken jami'ar Oxford a Yunin 2020 ya nuna ta rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda na'ura ke taya numfashi. Amma binciken bai ga wani amfani ba ga waɗanda ba sa bukatar iskar oksijin.

Ko babu annoba ma, yawan maimaita ta na cinye guringuntsin gwiwa, don haka likitoci ba sa son wuce sau uku ko huɗu a shekara a gaɓa ɗaya. Mai kemis kuwa ba ya ajiye kati, bai san ko watan jiya an yi wa Hajiya a wani shagon ba. Hukumar da ke ba masu kemis lasisi ce ya kamata ta shiga lunguna, domin dama lasisin ƙananan shagunan magani bai ba su izinin yin allura ba.