Kwamfuta a asibiti, a tuna da damina

Madalla da wannan labari na sa kwamfuta a asibitocinmu don ajiye bayanan marasa lafiya. Sai dai aikin asibiti kullum sauyawa yake. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar. Dole na'urar ta ware su daga masu biya, kada kuɗin da asibiti ke bin gwamnati ya ɓace a lissafi. Da damina kuwa zazzaɓin cizon sauro kan cika gadaje a nan Maradi. Uwa ta zo da katin yaro ya jiƙe, rubutu ya goge. Nan ake son na'urar ta fito da maganin da aka ba shi a baya. Don Allah a haɗa ta da sola saboda ɗaukewar wuta.