Ramin ne matsala, ba fil ɗin ba

A nan Faransa, mai zana allon lantarki na gwaji yakan zaɓi mahaɗi mai fil ɗin matsi, wanda ake dannawa cikin rami ba dalma ba wuta. A Maradi kuwa, mai gyaran inbata da na'urar cajin sola dalmarsa ya sani. Ina ganin kada a yi gaggawar raina shi.

Fil ɗin matsi yana da tsaga a tsakiya kamar idon allura. In ya shiga rami sai ya tsuke, ya ciji tagullar da aka shafe bangon ramin da ita, har iska ba ta shiga tsakaninsu. Ƙa'idar IEC 60352-5 ce ke tsara shi. Amma sai rami ya yi daidai: ga ramin da ake so ya ƙare a milimita 1, ana huda 1.15, a shafa tagulla mai kaurin maikiron 25 zuwa 50 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), allo kuma kada ya gaza milimita 1.6. Rami ya yi faɗi, fil ya yi ta rawa har wurin ya ɗau zafi. Ya yi ƙunci, bangon tagulla ya yage daga ciki inda ido ba ya gani.

To allon da ake ci da ruwan magani a shago, a huda da ƙaramin injin hannu, ramukansa ba su da tagulla a bango ko kaɗan. Babu abin da fil zai ciza. Nan magana ta ƙare, sai dalma.

Sannan ga dannawa. Mahaɗi mai fil 96, in kowane fil na son ƙarfin danni na niwtan 50, jimla ta kusa kilo 500. Ana buƙatar injin matsi da katako mai ramuka a ƙarƙashi ya tallafi allon. Wanda ya ɗauko guduma zai lanƙwasa fil, allo ya lotsa, ƙananan kondansato (masu riƙe caji) na kusa su tsage.

Inda nake ganin fil ɗin matsi ya dace da gida shi ne wurin ɗaura wayar batir mai jan kuran da yawa. Tagullar wurin tana da kauri, tana shanye zafin ƙarfen liƙi, dalma ba ta narkewa sosai, zafin watan Afrilu kuma ya zo ya ƙarasa ta. A nan a yi odar allo daga kamfani, a rubuta musu ƙarara cewa waɗannan ramuka na matsi ne, a nemi shafen kuza siriri, kuma a saka mahaɗin a ƙarshe, bayan an gama duk liƙi.