Hantar cikin mahaifa daban, ta cikin faranti daban

Tunda na zo waje karatu kusan kullum ina gaban madubin ƙara girma ina kallon ƙwayoyin hanta a ɗan faranti, shi yasa duk ranar da aka turo min bidiyon masu tallan allurar sitem sel (ƙwayar asali da ke iya rikiɗa ta zama wasu irin ƙwayoyin jiki) wai tana sabunta hanta sai raina ya ɓaci, don wallahi abinda nake gani da idona ba haka yake ba.

A mahaifa ɗan tayi bai wuce sati 4 ba hanta take fara tsirowa daga bututun da zai zama hanji, kuma zuciyar da ke gefenta ce ma take aiko mata da sinadarin FGF ta ce bismillah. Ƙwayoyin farkon nan hanya biyu ce a gabansu, wadda ta samu kanta kusa da jijiyar da ke kawo jini daga hanji sai wani saƙo tsakanin ƙwayoyi da ake kira Notch ya maida ita bututun madaci, sauran su zama ƙwayar hanta sosai. Kuma ba dare ɗaya ba fa, da farko furotin AFP suke zubarwa da yawa, a hankali ya ja baya furotin albumin na hantar manya ya mamaye, sinadaran sarrafa magani irin na manya kuwa sai bayan haihuwa suke kankama.

To mu a ɗakin gwaji, tunda masanin Japan Shinya Yamanaka ya nuna a 2007 ana iya maida ƙwayar fatar mutum ta koma sitem sel, sai mu yi wajen kwana 20 muna zuba sinadarai bi da bi muna canja musu ruwa don su zama ƙwayoyin hanta. Ka leƙa ka gansu reras kamar saƙar zuma, wasu har da cibiyar ƙwaya (nukiliya) biyu, gwanin sha'awa. Amma ka auna su sai ka tarar yara ne, basu nuna ba.

Ni a ganina maƙwabta suka rasa. A 2013 wani masani Takanori Takebe a Yokohama ta Japan ya haɗa su da ƙwayoyin jijiyar jini da na nama mai riƙe gaɓoɓi suka dunƙule da kansu, da aka dasa su a jikin ɓera jini ya fara ratsa su sai suka ƙara girma. Abinda ƙwararru ke ta fama da shi kenan har yau, wani kuma yana karɓar kuɗin mara lafiya wai allura ɗaya ta gama magana. Jiya ma na sake auna nawa, AFP ɗin yana nan bai sauka ba.