Garatuti ba kuɗin biki ba ne

Malamin firamare da ya ajiye aiki a Gumel ko Rano da abu biyu yake komawa gida: fanshon wata-wata da ɗan garatuti, in an biya shi a kan kari. A ganina, duk wanda ya jibge kuɗin nan a banki yana tsakura kaɗan-kaɗan, tsadar rayuwa za ta riga shi cinye su.

Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. A Yulin shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, fansho kuwa yana baya yana ɗingishi. Alhali sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Jigawa dai da sauƙi, asusunta na fanshon karo-karo yana aiki tun zamanin Saminu Turaki. Kano ce ta daɗe da bashin garatuti na biliyoyin naira a wuya.

To, ranar da kuɗin suka shigo, labari ya riga mutum isa gida. Ga kayan ɗakin 'ya, ga ƙane mai neman jari, ga masu zuga Malam ya ƙara aure. Wani ya sayi adaidaita sahu ya damƙa wa yaro, kafin shekara sai gyara da rigimar balas.

Da ni ne, rumbu zan fara cikawa da kaka: gero da dawa na cin shekara, wake a buhu mai leda don gudun ƙwari. Na ci, ba na ɓoyo don riba ba, domin waɗanda suka tara hatsi suna jiran tsada sun sha kashi da farashi ya karye a 2025. Sai raguna biyu ko uku daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a turke su da harawa da dusa har Babbar Sallah. Mai gona a fadamar Haɗejia ya sayi injin ban-ruwa.

Amma a bar wani kaso a asusu, kada a taɓa. Maganin hawan jini da na ciwon suga kowane wata ake saye, kuma mai kemis ba zai jira a sayar da rago ba.