Kowace hukuma da nata lissafin

Wannan batu da wani labari ya kawo, na cewa ma'aikatu su riƙa zama tare kafin a taɓa komai a birni, wallahi mu a Gombe mun fi kowa buƙatarsa. Tun da aka ba mu jiha a 1996 garin ke faɗaɗa, amma kowace hukuma da nata lissafin. A layinmu an zuba kwalta, ko damina ba ta gani ba masu bututun ruwa suka tsaga ta, suka bar mana rami da tulin ƙasa. Wa zai cike? Kowa ya ce ba huruminsa ba ne.

Ga kuma kwari. Garin a gangare yake, ƙasar yashi ce. Wannan ya yanka fuloti a hanyar ruwa, wancan ya sa hannu a yi gini, sai zaizaya ta ci gida a tuna da ma'aikatar muhalli.

Dashen bishiyoyin 3G, wato shirin gwamnatin jiha na Gombe Goes Green, ya yi, taswirar GOGIS, hukumar kula da filaye ta jiha, ma haka. To a tilasta wa masu ruwa da masu wuta aiki da ita, a kuma jawo ƙaramar hukumar Akko ciki, tunda unguwar Tumfure da ke gefen garin ma a ƙasarta take.